I'irabin Bayarwa a Sulobeniyanci: Yadda Ake Nuna Wanda Aka Yi wa Kyauta

1.0 Gabatarwa

Maganar kyauta ba ta cika sai da abubuwa uku, wato mai bayarwa, da abin da aka bayar, da kuma wanda aka ba. Dole ne harshe ya tanadi hanyar bambanta su, don kada mai sauraro ya rasa gane wanda ya miƙa hannu da wanda ya karɓa. Inda harsuna suka sha bamban shi ne wurin da kowanne yake ɗora alamar wannan bambanci. Wani harshen da jerin kalmomi yake dogara, wani yakan jingina alamar da aikatau, wani kuwa ƙarshen sunan da kansa yake sauyawa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda Sulobeniyanci yake bin hanya ta uku, ta amfani da sigar suna da masu harshen suke kira dajalnik, wadda a nan za mu kira i'irabin bayarwa. Abin da ya sa batun ya shafe mu shi ne, ɗalibin nahawun Hausa yakan ci karo da kalmar datif a rubuce-rubucen masana idan ana maganar wa da ma, alhali bai taɓa ganin harshen da yake da datif na haƙiƙa ba. Wanda bai ga asalin abu ba kuwa, da wuya ya iya yanke hukunci a kan ko sunan ya dace da abin da aka ara masa shi.

2.0 Harshen da Masu Shi

Sulobeniya ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Turai, tana iyaka da Italiya da Ostiriya da Hangare da Kuroshiya, babban birninta Lubliyana. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 2. Ta ɓalle daga Yugoslabiya a 1991, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Harshen nata yana cikin reshen kudu na dangin harsunan Silab, ke nan ɗan'uwan Rashanci ne na nesa. Primož Trubar ne ya buga littattafan farko a cikinsa a 1550, sannan Adam Bohorič ya fitar da nahawunsa na farko, da Latinanci, a 1584. A zamanin nan kuwa, nahawun da Jože Toporišič ya wallafa a 1976, mai suna Slovenska slovnica, shi ne ya zama madogara.

Don sauƙin karanta misalan da ke tafe, a lura cewa harafin č daidai yake da c ta Hausa, š daidai da sh, j daidai da y, ita kuwa c tasu kusa take da ts, sai dai babu maƙurewar da ke cikin tamu.

3.0 I'irabi Shida

Wanda ya karanta nahawun Larabci ya san suna yana sauya ƙarshe gwargwadon aikinsa a jimla: Zaidun a rafa'i, Zaidan a nasabi, Zaidin a jarri. Haka abin yake a Sulobeniyanci, sai dai maimakon uku, shida ne, kuma ana koya wa yara gane kowanne ta hanyar tambayar da yake amsawa. Ga su, da kalmar sestra ''yar'uwa':

imenovalnik: sestra (aikau; wa ya yi?)
rodilnik: sestre (mallaka da korewa, na wa?)
dajalnik: sestri (wa aka ba? wa aka yi wa?)
tožilnik: sestro (karɓau kai-tsaye, wa aka gani?)
mestnik: pri sestri (wuri, a wurin wa?)
orodnik: s sestro (tarayya da kayan aiki, tare da wa?)

Na ukun shi ne abin nazarinmu. Sunansa ya fito ne daga aikatau dajati 'bayarwa', kuma fassara ce ta sunan da Latinanci ya ba wannan i'irabi, wanda shi ma daga aikatau mai ma'anar bayarwa ya fito. Tambayarsa ita ce komu idan mutum ne, čemu idan abu ne. Mu dubi jimlar da ta tara rukunan kyauta duka uku:

(1) Janez je dal Ani knjigo. 'Janez ya ba Ana littafi.'

Sunan yarinyar Ana ne, amma da yake ita aka ba, ya koma Ani. Littafi knjiga ne, amma da yake shi aka bayar, ya koma knjigo. Mai bayarwa ne kaɗai ya zauna da sigarsa ta asali.

4.0 Sigogin I'irabin Bayarwa

Ɗafa-ƙeyar da suna yake ɗauka ta danganta da jinsi da adadi. Jinsi uku ne: namiji, da tamata, da 'yan-ba-ruwanmu. Adadi ma uku ne, domin ban da tilo da jam'i akwai musanna, wato sigar abu biyu, kamar dai a Larabci. A duk dangin Silab, Sulobeniyanci da harsunan Sorbiya biyu da ke gabashin Jamus ne suka riƙe musanna sosai har yau. Ga yadda sigogin suke, tilo da musanna da jam'i a jere:

brat 'ɗan'uwa': bratu, bratoma, bratom
stric 'baffa': stricu, stricema, stricem
prijatelj 'aboki': prijatelju, prijateljema, prijateljem
sestra ''yar'uwa': sestri, sestrama, sestram
babica 'kaka mace': babici, babicama, babicam
otrok 'yaro': otroku, otrokoma, otrokom

Abubuwa uku ne ya kamata a lura da su. Na farko, a sunayen jinsin namiji, wasalin o na ɗafa-ƙeya yakan koma e idan saiwar kalmar ta ƙare da c, č, š, ž ko j. Wannan ne ya bambanta bratom da stricem. Na biyu, kalmomin da aka fi bukata a maganar kyauta, wato sunayen dangi na kusa, wasunsu suna tsawaita saiwa kafin su ɗauki alamar: oče 'uba' ya zama očetu, mati 'uwa' ta zama materi, hči ''ya' ta zama hčeri. Na uku, duk sifa ko kalmar mallaka da ke tare da sunan dole ta bi shi cikin i'irabin:

(2) Svojemu mlajšemu bratu je podarila uro. 'Ta yi wa ƙanenta kyautar agogo.'
(3) Stric je nečakoma kupil žogo. 'Baffa ya saya wa 'ya'yan ɗan'uwansa maza su biyu ƙwallo.'

A misali na (2) an maimaita alamar har sau uku, a kan svojemu da mlajšemu da bratu. A na (3) kuwa, ɗafa-ƙeyar -oma ita kaɗai ta ɗauki nauyin abin da Hausa sai ta kawo kalmomin wa da su biyu kafin ta faɗa. Sunayen yanka su ma ba su tsira ba: Janez yakan zama Janezu, Marko ya zama Marku, Mojca ta zama Mojci. Sunan mahaifi na namiji yana sauyawa tare da na yanka, a ce Janezu Novaku, amma na mace yakan zauna yadda yake, a ce Ani Novak.

Har ila yau, wasu sigogin suna kama da na wani i'irabin. A tilo, bratu da sestri su ne kuma sigogin i'irabin wuri. Abin da ke raba su shi ne, i'irabin wuri ba ya zuwa sai da harafi a gabansa, shi kuwa wanda aka yi wa kyauta tsirara yake zuwa, babu wani harafi.

5.0 Jerin Kalmomi a Jimlar Kyauta

Aikatan da suka fi yawa a wannan fage su ne dati 'ba', podariti 'yi wa kyauta', kupiti 'saya', poslati 'aika', da prinesti 'kawo'. Dukansu hanya ɗaya suke bi: wanda aka ba ya shiga i'irabin bayarwa, abin da aka bayar ya shiga na karɓau.

(4) Sin je materi podaril rože. 'Ɗa ya yi wa mahaifiyarsa kyautar furanni.'
(5) Vnukinja je babici prinesla potico. 'Jika ta kawo wa kakarta potica.'

Potica wani naɗaɗɗen burodi ne mai zaƙi, wanda akasari akan cusa masa niƙaƙƙen 'ya'yan itace masu ɓawo a ciki, ana yin sa a lokutan bukukuwa.

Tun da kowane suna yana ɗauke da shaidar aikinsa a jikinsa, jerin kalmomi ya sami sararin yin wani aikin dabam, wato nuna abin da yake sabon labari. Ƙa'idar ita ce, abin da mai sauraro ya riga ya sani ya zo da fari, sabon abu ya zo a ƙarshe:

(6) Komu je Janez dal knjigo? Knjigo je dal Ani. 'Wa Janez ya ba littafin? Ana ya ba.'
(7) Kaj je Janez dal Ani? Ani je dal knjigo. 'Me Janez ya ba Ana? Littafi ya ba ta.'

Duk inda aka kai Ani, ita ce dai aka ba. Abin sha'awa a nan shi ne Hausa gaba take jawo abin da take son ƙarfafawa, Sulobeniyanci kuwa baya yake tura shi.

Korewa ma tana ƙara nuna ƙarfin wannan alama. Idan aka kore jimla, abin da aka bayar yakan bar i'irabin karɓau ya koma na biyu, wato rodilnik, amma wanda aka ba ba ya motsawa:

(8) Janez Ani ni dal knjige. 'Janez bai ba Ana littafi ba.'

5.1 Wakilan Suna

Wakilan suna iri biyu ne, gajeru da dogaye. Gajerun su ne mi 'mini', ti 'maka, miki', mu 'masa', ji 'mata', nama 'mana mu biyu', vama 'muku ku biyu', jima 'musu su biyu', nam 'mana', vam 'muku', jim 'musu', sai kuma si 'wa kai'. Waɗannan ba su da ƙarfin tsayawa da ƙafarsu, don haka a daidaitaccen harshe mazauninsu shi ne gurbi na biyu a jimla, kuma idan sun taru, na bayarwa ne yake gabatar na karɓau:

(9) Dal sem mu jo. 'Na ba shi ita.'
(10) Ana mi ga je podarila. 'Ana ce ta yi mini kyautarsa.'
(11) Kupila si je knjigo. 'Ta saya wa kanta littafi.'

Dogayen kuwa, irin su meni, tebi, njemu da njej, ana kawo su ne idan ana son ƙarfafawa ko bambantawa:

(12) Njej sem dal knjigo, ne njemu. 'Ita na ba littafin, ba shi ba.'

6.0 Wuraren da Mai Koyo Yake Tuntuɓe

Akwai gine-gine uku da suke kama da na bayarwa ta fuskar ma'ana, amma kowanne da inda ya nufa.

Na farko shi ne harafin za 'domin', wanda i'irabin karɓau yake bi. Shi yana nuna wanda aka nufa da kyautar ne, ko da ba a hannunsa aka danƙa ta ba. Jimla ɗaya tana iya ɗaukar su biyun ba tare da karo ba:

(13) Darilo za mamo sem dal sestri. 'Kyautar da na tanada domin Mama, 'yar'uwata na ba.'

Mama ce aka nufa, 'yar'uwa ce ta karɓa don ta kai. Da wannan harafi ne kuma ake faɗin dalilin kyauta, a ce za rojstni dan 'don ranar haihuwa', za poroko 'don biki', za novo leto 'don sabuwar shekara'.

Na biyu shi ne harafin k 'zuwa wurin', wanda yake komawa h a gaban k ko g. Shi i'irabin bayarwa ne yake binsa, amma ma'anar takan koma ta wuri:

(14) Nesem darilo teti. 'Zan kai wa gwaggo kyauta.'
(15) Nesem darilo k teti. 'Zan kai kyauta wurin gwaggo.'

A (14) kyautar ta gwaggo ce. A (15) gidanta kawai aka nufa, mai yiwuwa kyautar ta wani ce da ke zaune can. Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba, tun da bambancin kai wa da kai wurin ke nan.

Na uku shi ne aikatau obdariti. Ma'anarsa kusan ɗaya ce da ta podariti, amma ya juya ginin: wanda aka ba shi ne karɓau kai-tsaye, kyautar kuma ta zo bayan harafin s ko z 'da'.

(16) Podaril je sestri knjigo. 'Ya yi wa 'yar'uwarsa kyautar littafi.'
(17) Obdaril je sestro s knjigo. 'Ya gwangwaje 'yar'uwarsa da littafi.'

Ana yawan jin waɗannan gine-gine biyu a watan Disamba, lokacin da al'adar ƙasar ta tanadi masu raba wa yara kyauta har uku. Miklavž yakan zo a daren 5 ga wata, wayewar 6, Božiček a daren Kirsimeti, shi kuwa dedek Mraz, wanda ya sami gindin zama a zamanin gurguzu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen shekara:

(18) Miklavž prinese pridnim otrokom darila. 'Miklavž yakan kawo wa yaran kirki kyaututtuka.'
(19) Dedek Mraz obdari otroke. 'Dedek Mraz yakan yi wa yara kyauta.'

Darasin da ke nan shi ne, kasancewar mutum mai karɓa bai isa ya sa shi cikin i'irabin bayarwa ba. Aikatau ne yake zaɓar i'irabin, don haka tilas a haddace kowane aikatau tare da nasa.

7.0 Godiya, Sadaukarwa da Ƙwace

Maganar kyauta ba ta ƙarewa da miƙawa, sai an yi godiya, kuma wanda ake gode wa shi ma i'irabin bayarwa yake shiga. Hvala ti 'na gode maka' ake ce wa tsara ko yaro. Babba kuwa, ko da shi kaɗai ne, hvala vam 'na gode muku' ake ce masa, kamar yadda ake girmama manya da ku a ƙasar Hausa. In mutum biyu ne suka haɗu suka yi kyautar, sai a ce hvala vama. Haka kuma čestitam ti 'ina taya ka murna', inda Hausa ta ɗauki mutumin a matsayin karɓau kai-tsaye, Sulobeniyanci kuwa ya sa shi cikin i'irabin bayarwa.

Daɗin daɗawa, sigar tana iya tsayawa ita kaɗai ba tare da aikatau ba. Wanda ya rubuta Mojim staršem a shafin farko na littafinsa ya gama cewa ya sadaukar da shi ga iyayensa. France Prešeren, babban mawaƙin ƙasar, ya yi amfani da wannan dama a jerin waƙoƙinsa mai suna Sonetni venec na 1834. Idan aka tara haruffan farko na layuka 14 na waƙar ƙarshe, sunan Julija Primic ne yake fita, kuma a i'irabin bayarwa, wato waƙoƙin gaba ɗaya kyauta ce gare ta.

Sai dai kada sunan i'irabin ya ruɗe mu, domin wanda aka raba da abinsa ma da shi ake nuna shi:

(20) Ukradli so mu denar. 'Sun sace masa kuɗi.'

Akwai ma karin maganarsu da ta sa kyautar kanta a ciki: podarjenemu konju se ne gleda v zobe, wato ba a duba wa dokin kyauta haƙora. Ke nan ainihin aikin wannan i'irabi shi ne nuna wanda aikin ya shafa, da alheri ko akasinsa. Bayarwa reshe ɗaya ce kawai, wadda aka ari sunanta aka laƙaba wa dukan itacen.

8.0 Abin da Wannan Ya Nuna Game da Hausa

Duk wanda ya bi fassarar misalan nan zai ga cewa ta fuskar ma'ana, wa da ma na Hausa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da dajalnik: saya wa, kawo wa, gode wa, sace wa. Amma ta fuskar ƙira ba abu ɗaya ba ne, kuma ga hujjoji uku.

Hujja ta farko, sunan Hausa ba ya sauyawa. Binta dai Binta ce, ko ita ta bayar ko ita aka ba. Abin da ke sauyawa shi ne aikatau: ya sayi littafi, amma ya saya wa Binta littafi, ya nemi aiki, amma ya nema wa Audu aiki, ko ya nemar masa aiki. A Sulobeniyanci kupil yana nan yadda yake, da wanda aka saya wa ko babu.

Hujja ta biyu, idan aka ɗaga sunan zuwa farkon jimla, alamar Sulobeniyanci tana binsa, ta Hausa kuwa takan tsaya jikin aikatau:

(21) Komu je Janez kupil knjigo?
(22) Wa Audu ya saya wa littafi?
(23) Binta ce Audu ya saya wa littafi.

A (21) alamar tana cikin kalmar tambayar kanta. A (22) da (23) sunan ya tafi ya bar wa a baya. Ɗafa-ƙeyar i'irabi ba ta taɓa rabuwa da sunanta haka.

Hujja ta uku ita ce halin aikatau ba. A Sulobeniyanci dati shi ne uban tafiya, wanda daga danginsa aka sami sunan i'irabin. A Hausa kuwa ba shi ne ya fita zakka, domin cewa muke ya ba ni, ya ba shi, da wakilan suna irin na karɓau kai-tsaye, ba ma cewa ya ba mini. A gaban suna ne kawai ake jin ya bai wa Audu ko ya ba wa Audu tare da ya ba Audu. Ta wannan fuska ba ya fi kama da obdariti, da kuma Larabcin a'aɗaitu Zaidan kitaban, inda wanda aka ba da abin da aka bayar duka suke a nasabi.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa Sulobeniyanci yana rubuta shaidar wanda aka yi wa kyauta a jikin sunansa, da sifarsa, da wakilinsa, a tilo da musanna da jam'i, kuma wannan ne ya ba jerin kalmominsa damar nuna sabon labari. Mun kuma ga cewa za da k da obdariti kowanne yana da iyakarsa, sannan i'irabin ya zarce bayarwa ya kai ga godiya da ƙwace. Shawarar da za mu ba malaman nahawun Hausa ita ce, idan za a yi amfani da kalmar datif, a fayyace wa ɗalibai cewa ma'ana ake nufi, domin Hausa ba ta da i'irabin suna. Kalmar kaikaitaccen karɓau ta fi dacewa da abin da ke cikin harshenmu. Sauran aiki shi ne a bi karuruwan Hausa ɗaya bayan ɗaya, a ga iyakar inda bai wa da ba wa suka kai wajen jawo aikatau ba zuwa sahun sauran 'yan'uwansa.